Gyaran matanin da aka kwafo daga tarminal: misalin Magarya da Dungas

Mai nazarin da ya tattara tatsuniyoyi da hirarraki a gundumomin Magarya da Dungas yakan nemi kalmomi a tarminal, wato allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, sannan ya kwafo sakamakon zuwa maƙalarsa. A nan ne ɓarna take shiga.

Wadda ta fi sauƙi ita ce karyewar layi: wani tarminal yana yanke jimla a harafi na 80, sai a sake haɗa ta.

Batun baƙaƙe masu lanƙwasa ya fi nauyi. A tsarin UTF-8, ƙ baiti biyu ne. Idan tarminal ya karanta fayil da tsarin Windows-1252, ƙ zai fito Æ™, ɗ ya fito É—, ƴ kuwa Æ´. Mun sha ganin ɗalibai suna share waɗannan alamomi, su sa k da d. A ganinmu wannan ba gyara ba ne, domin baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, alhali a kan irin wannan bambanci nazarin ya dogara. Abin yi shi ne a koma ga fayil na asali, a sake buɗe shi da UTF-8.

Akwai kuma ƴ. Ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 ta tabbatar da shi, Nijeriya kuwa 'y take rubutawa. Da yake gundumomin biyu suna kan iyaka, matani kan zo da salon nan biyu, na'ura ta ƙirga ƴaƴa da 'ya'ya a matsayin kalmomi dabam. Kafin ƙidaya a zaɓi ɗaya, a bayyana zaɓin a farkon maƙala.