Tsoron Ramuwa Kaɗai Ba Ya Tsare Duniya Daga Makaman Ƙare-Dangi

Da asubahin 21 ga Nuwamban 2024 Rasha ta harba wani sabon makami mai linzami da ta raɗa wa suna Oreshnik daga sansanin Kapustin Yar da ke yankin Astrakhan, ya sauka a kan wata masana'antar ƙera makamai a birnin Dnipro na Yukiren. Duniya ta ga bidiyon yadda kawunansa suka riƙa zubowa daga sama rukuni-rukuni. An ƙera makamin ne yadda zai iya ɗaukar nukiliya, ko da yake a wannan rana bai ɗauka ba. Sai dai akwai wani abu da ya faru kafin harbin wanda labarai ba su tsaya a kansa ba: Mosko ta aika wa Washington sanarwa tukuna. Kakakin fadar Kremlin, Dmitry Peskov, ya ce minti 30 kafin a harba aka aika, ta wata kafar rage haɗarin nukiliya da ƙasashen biyu suka buɗe tun 1987, kuma ma'aikatar tsaron Amurka ta tabbatar saƙon ya iso.

Me zai sa ƙasar da ke tsakiyar yaƙi ta sanar da mai bai wa abokin gabanta makamai cewa ga shi za ta yi harbi? Dalilin shi ne taurarin ɗan'adam na Amurka suna ganin wutar da ke fita daga gindin makami da zarar ya tashi, na'urorin rada kuma suna bin sawunsa, amma babu na'urar da za ta gaya wa jami'in da ke gaban allo abin da ke cikin kansa. Rasha ba ta so wani ya yi cinta. A ganina wannan ɗan saƙo ya fi dogayen jawaban shugabanni bayyana abin da ya riƙe duniya tun bayan Hiroshima da Nagasaki a 1945. Ana yawan cewa tsoro ne ya riƙe ta. Tsoron yana nan, amma bai taɓa aiki shi kaɗai ba. Yana buƙatar abu biyu a tare da shi: kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ya mallaka, kuma ya samu lokacin yin tunani kafin ya mayar da martani. Waɗannan biyun ne suke zagwanyewa yanzu.

Dabarar tsoron ramuwa ba ta da wuyar fahimta. Idan abokin gabanka ya tabbata cewa ko da ya riga ka harbi za ka tsira da makaman da za su shafe biranensa, ba zai fara ba. Shi ya sa manyan ƙasashe suka raba makamansu gida uku: na cikin ramukan ƙasa, na jiragen sama masu dogon zango, da na jiragen ƙarƙashin teku waɗanda ke yawo watanni ba a san inda suke ba. Kar ta san kar ke nan. Masu kare dabarar suna da hujja mai ƙarfi, domin shekaru 80 sun shuɗe ba a sake jefa bam ɗin nukiliya a kan wani gari ba, kuma Amurka da Tarayyar Sobiyet ba su taɓa gwabzawa gaba da gaba ba.

Amma a duba yadda aka tsallake wasu darare. Ranar 26 ga Satumban 1983, Laftanar Kanar Stanislav Petrov yana kan aiki a cibiyar gargaɗi ta Serpukhov-15 kusa da Mosko, sai na'ura ta yi kuka, allo ya nuna makami ɗaya ya taso daga Amurka, daga baya suka zama biyar. Makonni uku kafin nan sojojin Sobiyet sun kakkaɓo jirgin fasinja na Koriya ta Kudu, zaman ƙasashen biyu ya yi tsami matuƙa. Petrov ya yi tunanin cewa mai niyyar fara yaƙin nukiliya ba zai fara da makamai biyar ba, kuma rada ta ƙasa ba ta ga komai ba, sai ya kai rahoton cewa na'ura ce ta yi kuskure. Bincike ya nuna hasken rana ne ya daki gajimare na can sama, tauraron ɗan'adam ya ɗauka wutar makami ce. Abin da ya ba shi damar wannan tunani shi ne nisa. Makamin da ya taso daga tsakiyar Amurka yana ɗaukar kusan minti 30 kafin ya isa Rasha, kuma a cikin waɗannan mintuna ne ya jira ya ga ko rada za ta gaskata tauraron.

Rikicin Kuba na Oktoban 1962 ne ya fara koya wa Kennedy da Khrushchev cewa ba za a bar wannan al'amari a hannun sa'a ba. A 1963 aka kafa layin sadarwa na kai-tsaye tsakanin Washington da Mosko, aka kuma hana gwajin bam a sararin sama da cikin ruwa. A 1968 aka sa hannu kan yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta NPT. Adadin kawunan nukiliya a duniya ya kai kusan 70,000 a tsakiyar shekarun 1980. Yau suna wajen 12,000, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari suna hannun Rasha da Amurka.

Rage adadi babban abu ne, amma ni abin da na fi ɗauka da daraja a waɗannan yarjejeniyoyi shi ne ido da suka buɗe. A ƙarƙashin yarjejeniyar INF da Reagan da Gorbachev suka ƙulla a 1987 an lalata makamai 2,692 masu cin zangon kilomita 500 zuwa 5,500, kuma masu sa ido na Amurka sun zauna a bakin ƙofar masana'antar Votkinsk suna duba abin da ke fitowa, takwarorinsu na Sobiyet suna zaune a Magna ta jihar Utah. Bayan START ta 1991, Amurka ta riƙa daddatsa jiragenta samfurin B-52 a wani sansani na Arizona da ƙatuwar wuƙar ƙarfe da ake saki daga ƙugiya, sannan a bar gutsattsarin a fili har kwana 90 domin taurarin Rasha su ɗauki hoto su ƙirga. Sabuwar START, wadda Obama da Medvedev suka sa wa hannu a Prague a 2010, ta ƙayyade wa kowane ɓangare kawuna 1,550 da aka girke da abubuwan harbawa 700, ta kuma ba kowanne damar ziyarar bincike 18 a shekara. A da, tawaga takan sauka, sai a lokacin ta faɗi sansanin da take son gani, a can ta nuna makami ɗaya da ta ga dama. A buɗe bakinsa, a lulluɓe kowane kai da mayafi don kada a ga sirrin ƙirarsa, baƙi su tsaya su ƙirga tudun da ke ƙarƙashin mayafan. Idan mai masauki ya ce wani tudun ba nukiliya ba ne, akwai na'urar auna tururi da za a kara a tabbatar. An yi irin wannan ziyara sau 328, an yi musayar sanarwa sama da 25,000. Janar ɗin da ke karanta waɗannan rahotanni ba ya buƙatar ya yi zaton mafi munin abu game da abokin gabansa, domin an ƙirga masa.

Rushewar wannan gini na yarjejeniyoyi ta faro ne a 2002, lokacin da gwamnatin George W. Bush ta fice daga yarjejeniyar ABM ta 1972 wadda ta taƙaita garkuwar kakkaɓo makamai. Mutum zai ce ai garkuwa kariya ce, ina laifinta? Laifinta shi ne wanda ya ga abokin gabansa yana gina garkuwa zai ɗauka shirin kai hari ne ba tare da tsoron ramuwa ba, sai ya ƙara yawan makamansa ko ya ƙero waɗanda za su kauce wa garkuwar. Haka kuwa aka yi. A jawabinsa na 1 ga Maris 2018 Putin ya baje kolin Sarmat da Avangard da Kinzhal, da wasu makaman masu tafiya da ƙarfin nukiliya a sama da cikin teku, ya ce amsar ficewar 2002 ce. A 2019 Amurka ta bar INF bisa zargin cewa makamin Rasha samfurin 9M729 ya keta ta, zargin da sauran ƙasashen NATO suka goyi baya. Yarjejeniyar shawagin sa ido ta bi baya, Amurka ta fita a 2020, Rasha a 2021. Ziyarar bincike ta Sabuwar START ta tsaya a 2020 saboda annobar korona, ba a kuma koma ba. A Fabrairun 2023 Putin ya dakatar da shigar Rasha, a Nuwamba ya janye amincewarta da yarjejeniyar hana gwaji ta 1996, wadda dama majalisar dattawan Amurka ta ƙi amincewa da ita tun 1999. An tsawaita Sabuwar START sau ɗaya zuwa 5 ga Fabrairun 2026, kuma ƙa'idarta ba ta ba da damar tsawaitawa ta biyu ba. Duk mai son ɗora laifin nan a kan ɓangare ɗaya sai ya tsallake rabin wannan jeri.

Ga kuma Sin, wadda ba ta taɓa shiga yarjejeniyar ƙayyade adadin makamanta ba. A 2021 hotunan tauraron ɗan'adam suka tona ɗaruruwan sabbin ramukan makamai a yankunan Yumen da Hami. Ana ƙiyasta kawunanta sun kai 600, ma'aikatar tsaron Amurka tana hasashen za su haura 1,000 nan da 2030. Beijing tana cewa sai manyan biyu sun sauko kusa da ita kafin ta zauna a teburi, Washington tana cewa ba za ta ɗaure hannunta a gaban abokan hamayya biyu ba, sannan Trump ya sanar da shirin garkuwar Golden Dome a 2025 wanda ya ce zai ci dala biliyan 175. Makaman Minuteman III guda 400 da Amurka ta girke kowanne kai ɗaya yake ɗauke da shi yanzu, alhali an ƙera samfurin don ɗaukar har uku. Ranar da babu mai buɗewa ya ƙirga, mai tsara yaƙi a Mosko dole ya lissafa da uku.

Ta fuskar lokaci kuma, fasahar makamai ce ke cin sa. Ana yawan kururuta gudun sabbin makaman da ke ninka gudun sauti sau biyar ko fiye, amma tsofaffin makamai masu ƙetare nahiyoyi sun daɗe da wuce wannan. Sabon abin shi ne suna tafiya ƙasa-ƙasa, suna kuma sauya hanya, don haka rada ba ta ganinsu da wuri, idan ta gani ma ba ta san inda suka dosa ba. Sannan da yawa, irin su Iskander da Kinzhal na Rasha da DF-26 na Sin, suna iya ɗaukar bam na yau da kullum ko na nukiliya. Makamai masu matsakaicin zango kuwa suna komawa Turai, inda tafiya tsakanin sansani da babban birni ba ta fi 'yan mintuna ba.

Indiya da Pakistan sun daɗe a cikin wannan ƙunci, domin gida ɗaya ne aka raba. Ranar 9 ga Maris 2022 wani makamin BrahMos na Indiya ya tashi bisa kuskure ana cikin gyara, ya faɗi a Mian Channu cikin Pakistan. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, Pakistan kuma ba ta rama ba. A Mayun 2025, bayan kashe mutum 26 a Pahalgam ta Kashmir, suka yi kwana huɗu suna musayar makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa, har Indiya ta daki sansanin sama na Nur Khan a Rawalpindi, garin da hedikwatar sojan Pakistan take. Wasu za su ce tsoron ramuwa ne ya tsayar da su ranar 10 ga Mayu. Ni abin da na gani shi ne kowane zagaye yana ƙara musu ƙarfin gwiwar cewa za a iya matsawa gaba kaɗan ba tare da an faɗa rami ba.

Akwai kuma darasin da ƙasashen da ba su da bam suke karantawa. Bayan alƙawarin Budapest na 1994 Yukiren ta miƙa kawuna kusan 1,900 da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, daga baya aka mamaye ta. Gaddafi ya ajiye shirinsa a 2003, an kashe shi a 2011. Iran ta amince a 2015 ta tsaya a tace yuraniyom kashi 3.67 cikin ɗari, Amurka ta fice a 2018, Iran ta haura zuwa kashi 60, a Yunin 2025 Isra'ila da Amurka suka yi ruwan bama-bamai a Fordo da Natanz da Isfahan, Tehran kuma ta dakatar da haɗin kai da masu sa ido na hukumar IAEA. Koriya ta Arewa ta fice daga NPT a 2003, ta yi gwaji shida, ba wanda ya taɓa ta. Alƙawarin NPT shi ne marasa bam su haƙura, masu shi kuma su yi shawarwarin ajiye nasu da gaskiya. Idan na biyun suka ƙi cika nasu, da wane baki za su riƙe na farkon?

Mu ma muna da ta cewa a wannan magana. A Reggane cikin hamadar Aljeriya Faransa ta fasa bam ɗinta na farko ranar 13 ga Fabrairun 1960, kuma a Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda ci gaba da gwaje-gwajen. Afirka ta Kudu ta ƙera bam shida ta wargaza su da kanta, yarjejeniyar Pelindaba ta haramta makaman a nahiyar, a 2018 kuma aka kwashe yuraniyom mai ƙarfin tacewa daga injin binciken Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya aka mayar Sin. Wani bincike da masana na jami'ar Rutgers suka jagoranta a 2022 ya ƙiyasta cewa hayaƙin yaƙin nukiliya tsakanin Indiya da Pakistan kaɗai zai iya rage hasken rana da amfanin gona har yunwa ta kashe sama da mutum biliyan biyu. Wanda ya ga abin da yaƙin Yukiren ya yi wa farashin fulawa da taki a kasuwanninmu ya san ba daga nesa za mu kalla ba.

Babbar yarjejeniya mai haɗa ƙasashe uku ba ta kusa. Abin da za a iya samu ƙanana ne, kuma akwai alamunsu: a Satumban 2024 Sin ta sanar da Amurka kafin ta gwada makami mai ƙetare nahiyoyi a tekun Pasifik, a Nuwamba kuma Biden da Xi Jinping suka amince a Lima cewa mutum ne zai riƙa yanke hukuncin amfani da nukiliya, ba kwamfuta ba. Ya kamata ƙasashen Afirka su yi amfani da yawan ƙuri'unsu a tarukan NPT da Majalisar Ɗinkin Duniya su matsa a kan abu uku: Amurka da Rasha su dawo da musayar bayanai da ziyarar bincike ko da ba a ƙulla sabuwar yarjejeniya ba, sanarwa kafin harbi ta zama wajibi a kan duk ƙasashe tara masu makaman, sannan a raba sansanonin makaman nukiliya da na yau da kullum yadda ɗaya ɓangaren zai iya bambancewa.