Ka Kiyayi Ɗanyen Siminti da Ƙurar Gini

Ɗan'uwa magini, ko kai birkila ne, ko mai kwaɓi, ko mai buga bulo, hannunka da ƙirjinka su ne jarinka. Siminti da ƙura suna iya lalata su a hankali, ba ka sani ba.

Yadda siminti yake ƙona fata

Idan siminti ya haɗu da ruwa ko gumi, yakan yi kaifi irin na sodar da ake dafa sabulu da ita. Ba za ka ji zafinsa nan take ba. Sai bayan sa'o'i fata ta yi ja, ta tashi bororo, wani lokaci ta zama gyambo. Ya fi yin ɓarna inda ya maƙale: cikin takalmi, a gwiwa, ko ƙarƙashin jiƙaƙƙen wando.

Ka sa dogon takalmin roba da safar hannu ta roba. Kada ka shiga kwaɓi da silifa, kada ka durƙusa a kan ɗanyen kankare. Idan ya jiƙa maka tufa, tuɓe ta, ka wanke wurin da ruwa mai tsabta na minti 20. Kada ka shafa mai, ko toka, ko baƙin man mota. Idan ya faɗa maka a ido, kada ka murza. Ka buɗe idon a yi ta kwarara masa ruwa na minti 20, sannan ka zo asibiti ba jinkiri.

Ƙurar da ba ta fita

Wajen yanka bulo, fasa dutse da sharar busasshen gini, ƙura mai laushi tana shiga can cikin huhu ta zauna. Shekara da shekaru huhu yana taurarewa, numfashi yana gajarta. Wannan ciwo ba ya warkewa, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Shan madara ba ya wanke ta, domin madara ciki take zuwa, ba huhu ba.

Ka yayyafa ruwa kafin yanka ko shara. Ka sa takunkumin ƙura da ya kama fuska sosai, tsumma ko rawani ba su isa ba. Ka nemi mai aikin ya tanadi waɗannan kaya da ruwan wanka a wurin.

Idan tari ya wuce mako 2, ko ka fara haki da rama, ka zo a gwada majinarka. Kuɗin yini guda da za ka rasa bai kai lafiyar da iyalinka suka dogara da ita ba.