Ruwan Tabarau Mai Sauya Siffa Da Ƙarfin Lantarki

Abu ne sananne cewa idan haske ya fito daga iska ya shiga gilashi ko ruwa sai ya karkace. A kan wannan ɗabi'a tasa aka gina tabarau da kyamara da madubin likita. To amma shi gilashi, da zarar an yanka shi an goge, ya tsaya ke nan a kan siffa guda. In ana son duban abu na kusa bayan na nesa, tilas a matsar da shi gaba ko baya. Ido kuwa ba haka yake ba. Ƙwayar da ke cikinsa mai taushi ce, wata 'yar tsoka ke sa ta ta kumbura ko ta baje. Shi ya sa idan ta fara tauri, wajen shekara 40 da haihuwa, sai mutum ya riƙa nesanta takarda kafin ya iya karantawa.

Wannan baiwa ta ido ita ce masana suka daɗe suna son kwaikwaya. Tun a 1875 Gabriel Lippmann ya nuna cewa lantarki yana sauya siffar saman zaiba idan tana haɗe da ruwa mai gishiri. Wani masani Bafaranshe, Bruno Berge, shi ya ɗora a kan wannan, har ya kafa kamfanin Varioptic a birnin Liyon a 2002, wanda kamfanin Corning na Amurka ya saye a 2017. Yadda abin yake shi ne, akan rufe ruwa mai gishiri da ɗigon mai a cikin wani ɗan gurbi. Da yake ba sa gaurayuwa, mahaɗarsu takan yi doro, kuma wannan doro shi ke tara haske. Idan aka ƙara ƙarfin lantarki sai ruwan ya ƙara lafewa a bangon gurbin ya matse man, doron ya sauya cikin ƙiftawar ido, ba tare da wani ƙarfe ya motsa ba. (Abin sha'awa ga ɗalibin harshe: Bahaushe ya daɗe yana cewa "ruwan tabarau" alhali gilashi yake nufi; ga shi yanzu sunan ya tabbata.)

Amfaninsa ya fi fitowa a inda wuri ya yi ƙunci, alal misali na'urorin karanta lambar kaya a masana'antu da ƙananan kyamarori. Wayar Mi Mix Fold ta kamfanin Xiaomi ta fito da wani nau'insa a 2021.

Sai dai akwai cikas. Dole nauyin ruwan da na man su zo daidai, in ba haka ba doron ya karkace duk lokacin da aka juya na'urar, kuma zafi da sanyi suna taɓa wannan daidaito. Saboda haka faɗin irin wannan tabarau bai cika wuce 'yan milimita kaɗan ba.