Yadda Ƙwaƙwalwar Yaro Ke Ginuwa Kafin Ya Ɗauki Allo

Ƙwaƙwalwar jariri a ranar haihuwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na girman ta babban mutum ba, amma kafin ya cika shekara 5 ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Ke nan yaron da aka kai aji ɗaya a Gaya ko Ajingi yana da shekara 6, mafi yawan ginin an riga an yi shi a gida.

A kan babban mutum akwai ƙwayoyin saƙo wajen biliyan 86, kuma jariri da kusan dukkansu ake haifarsa. Abin da ke ƙaruwa shi ne mahaɗar da ke tsakaninsu. Duk muryar da ya ji, duk fuskar da ya gani, sai wata mahaɗa ta ƙullu. Kamar turba ce a gona: wadda ake bi kullum takan daddale, wadda aka daina bi ciyawa ta cinye ta. Gani da ji ne ke fara kafuwa, sai harshe. Sashen goshi kuwa, mai kula da haƙuri da tsara aiki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20.

Ginin nan yana cin abinci sosai, musamman a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa shekara 2. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma tsumburewa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba. Abin takaici, maganin yana cikin rumbunan yankin: wake, gyaɗa, gero, ga zogale a bayan gida, ga ƙwan da ake kaiwa kasuwa maimakon a dafa wa yaro. Dakashin da wasu ke matsewa su zubar shi ne rigakafin farko. Nonon uwa zalla ya wadatar har wata 6, daga nan sai a ƙara da kunun gyaɗa mai kauri, ba tsararon koko ba. Gishiri mai aidin ma yana da nasa aikin, domin rashin aidin yana dakushe basira tun daga ciki.

Akwai kuma masu rushe ginin. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai har yaro ya yi jijjiga yana iya barin tabo a ƙwaƙwalwa, shi ya sa maganin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina bai kamata a mayar da shi ba. Sanƙarau yakan kurmantar. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ta kuma raunata hankalin da yawa daga waɗanda suka rayu. Ita wannan dalmar ana samun ta a wasu nau'o'in tozalin da ake rambaɗa wa jarirai.

Abinci kaɗai ba ya koya wa yaro magana. Idan jariri ya yi gwaranci, uwa ta dube shi ta mayar masa, shi ma ya sake, to ana ɗinke hanyoyin harshe ne a lokacin. Waya ba ta iya wannan, don ba ta jiran amsarsa. A gidajen da uwa ke alkunyar ɗan fari, kaka da goggo da yayye su ke cike gurbin, kuma ƙwaƙwalwa ba ta zaɓar wanda zai yi mata hira, muddin dai ana yi. Tatsuniyar dare tana koya wa yaro riƙe labari daga farko zuwa ƙurunƙus. Carafke yana haɗa ido da hannu da ƙirga, langa tana horar da daidaiton jiki.

Makarantar allo ta daɗe da gane amfanin maimaici. Yaro ya biya karatunsa da safe, ya sake da dare, ranar tishi ya koma baya. Maimaici mai tazara irin wannan ya fi zama a ka fiye da haɗiye karatu a zama ɗaya, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Ɗan firamare yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Tsoro kuwa kishiyar hadda ne: yaron da ke kallon bulala, ko wanda ya fito ba karin kumallo, hankalinsa yana kan tsira, harafin da ke gabansa bai cika shiga ba. Haka nan wanda ya fara haɗa baƙi da wasali a Hausar da yake ji a gida ya fi saurin gane karatu, sannan ya ɗauki dabarar ya kai ta Turanci.