Allon Da Ke Nuna Wa Matuƙi Jiragen Da Ke Kewaye Da Shi

Kaduna — Duk wanda ya yi aikin reluwe a mahaɗar Kafanchan ya san jar alama ce ke hana jirage biyu haɗuwa kan dogo ɗaya. A sararin samaniya kuwa babu dogo, babu tsayawa. Saboda haka ɗan kasuwar Sabon Tasha da ya hau jirgi a filin Kaduna, lafiyarsa ta rataya a kan wani ɗan allo da ke gaban matuƙi.

Na'urar ana kiranta TCAS. Takan tuntuɓi jiragen da ke kewaye ta hanyar rediyo, ta zana su a allo. Jirgin da ya matso yakan zama da'ira mai ruwan ɗorawa. In saura daƙiƙa 15 zuwa 35 a yi karo, sai alamar ta rikiɗe ja, murya ta umarci matuƙi ya yi sama ko ya yi ƙasa. Ba ta cewa a karkata dama ko hagu, domin ta fi tabbatar da tsayi da nisa a kan kusurwa.

Nijeriya ta ɗanɗana ɗacin wannan lamari ran 7 ga watan Nuwamba, 1996. Wani Boeing 727 na kamfanin ADC, daga Fatakwal zuwa Legas, ya doshi wani jirgi. Na'urar ta yi gargaɗi, matuƙi ya karkata da ƙarfi don ya kauce, jirgin ya kuɓuce masa, ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Mutum fiye da 140 suka rasu, har da Farfesa Claude Ake. Bincike ya ambaci kuskuren mai kula da zirga-zirga da kuma tsananin juyin da aka yi.

A Jamus ma, a 2002, mutum 71 suka halaka sa'ad da matuƙan wani jirgi suka bi umarnin mai kula da zirga-zirga, suka saɓa wa na'urar. Daga nan aka ƙarfafa doka: in an sami saɓani, na'ura za a bi.

Hukumar ICAO ta wajabta ta ga manyan jirage daga 2003, sannan ga masu ɗaukar fasinja fiye da 19 daga 2005. Sayen na'ura kuɗi ne na lokaci ɗaya. Horon da ake maimaitawa shi ne kamfani mai ƙaramin jari zai so ya rage. A nan aikin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya yake, wadda aka kafa a 1964, domin matuƙa da masu kula da zirga-zirga duka a can ake horar da su.