Idan An Hura Usur Na Ƙarshe, Me Ya Rage Wa Ɗan Wasa?

Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka ranar 11 ga Fabrairu 2024 a gidajen kallon ƙwallo na Haɗejia ba zai manta daren ba. Troost-Ekong ya fara jefa mana ƙwallo, muka yi ta ihu. Can sai Kessie ya farke, Haller ya ƙara, Kwaddibuwa ta ɗauki kofi da ci 2 da 1 a Abijan. Kafin gari ya waye an taso Alex Iwobi a gaba da zagi a intanet, har ya goge hotunansa a Instagram. Sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su daina.

Wannan hali ba a Abijan ya tsaya ba. Mu ma nan makaranta, ɗalibi ya ɓarar da fanareti a gasar sassa, sai ya yi sati yana ɓuya a ɗaki. Ni Kirista ne, kuma ina so in bayyana yadda addinina yake kallon nasara da faɗuwa, don tambayar ta shafi kowa: minti 90 za su iya auna darajar mutum?

Da farko dai, Kiristanci bai hana gasa ba. A wasiƙarsa ta farko ga mutanen Korinti, Manzo Bulus ya kawo misali da masu tsere da 'yan dambe, domin a kusa da birnin ana yin babbar gasa duk bayan shekara 2, kowa ya san irin horon da 'yan wasa ke sha. Ya yaba wa wannan horo. Ke nan shiga fili da sanyin jiki ba tawali'u ba ne, raina baiwar Allah ne, kuma cin amanar abokan wasa ne. In ka shiga, ka nemi ci da gaske.

Sai dai Bulus ya ja hankali kan ladar. Abin da ake ba zakara a wancan zamani rawani ne na ganye, kwana kaɗan ya bushe. Kofinmu na yau ma haka yake, sai dai ya fi daɗewa kafin ya yi ƙura. Wa ke iya lissafo sassan da suka ci kofin makarantar nan shekara 5 baya? Darajar mutum kuwa, a koyarwar Littafi Mai Tsarki, daga Mahaliccinsa take, tun kafin ya taɓa ƙwallo. Abin da ba fili ne ya ba ka ba, fili ba zai iya ƙwace maka ba. Abokaina Musulmi ma sukan tuna mini cewa Allah ya karrama ɗan Adam, don haka a nan ba mu da saɓani.

Mu mutanen fadama ya kamata mu fi kowa gane wannan. A ambaliyar 2022 manoma da yawa a yankin nan sun yi asarar shinkafar da suka sha wahala a kanta. Akwai wanda ya ce sun zama mutanen banza? Jaje aka yi musu. To me ya sa wanda ƙafarsa ta kuskure sai dai zagi?

Akwai mutumin da Kiristoci kan tuna a wannan batu, Eric Liddell, ɗan tseren Birtaniya. A gasar Olamfik ta 1924 a Faris, ya ƙi shiga tseren mita 100, wanda ya fi ƙwarewa a kai, saboda zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi. Ya sha suka. Sai ya shiga mita 400, ya ci zinare cikin daƙiƙa 47.6. Shekara ɗaya bayan haka ya bar duk wannan suna ya tafi ƙasar Sin aikin bishara da koyarwa. A can ya rasu a 1945, a sansanin da sojojin Japan suka tsare su, inda yake shirya wa yara wasanni. Abin lura a nan ba zinaren ba ne. Lokacin da ya yanke shawarar, bai san zai ci komai ba. Ya yarda ya koma gida hannu rabbana, domin ya san ba lambar ce ke riƙe da mutuncinsa ba.

Wannan fahimta tana sauya abu biyu. Wanda ya ci ba ya taka abokin karawarsa, domin ba don shi ba, ai ba wasa. Ba ya sayen alƙalin wasa, ba ya shigo da ɗan haya da katin wani ɗalibi. Wanda aka ci kuwa yana da damar jin zafi, har kuka ma ba laifi ba ne, amma gobe ya fito atisaye da kansa a ɗage.

Gasar sassa na tafe. Wani zai zubar da fanareti, wannan babu makawa. Kafin ka ɗora hotonsa a WhatsApp ana dariya, je ka same shi a bakin fili, ka miƙa masa ruwa, ku taka tare zuwa ɗaki.