Tsare Ma'aji a Cikin Sashen Aikinsa

Ana jawo hankalin masu tsara shafukan intanet da harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995, game da ma'aji, wato sunan da ake adana lamba a ƙarƙashinsa. Wajibi ne a ayyana shi da kalmar let ko const, waɗanda aka shigar a 2015, cikin sashen aikin da ke bukatarsa. In aka yi sakaci, sai ya zama na kowa. Alal misali, idan a shafin masu sayen citta a Kagarko sashen ƙidayar buhuna da na lissafin kuɗi suka yi tarayya a ma'aji guda, ɗaya zai shafe lissafin ɗaya, manomi ya yi asara. Saboda haka kowane sashe ya riƙe nasa.